Ba a Zama Sai Hayaƙi Ya Zauna

Shekaru masu yawa da suka wuce, ina kan kujerar mai askin layinmu, kumfa har kunne, na fara jin wata jita-jita a kanka. Wai duk ranar da manyan zakarun dambe suka haɗu a ɗaki guda, masu kambu da masu hotuna a jarida, ba wanda yake zama a cikinsu sai kai ka zauna. Wai ko ka makara, haka za su yi ta tsayuwa, shayinsu yana hucewa a hannu. Na yi dariya har sai da mai aski ya ɗaga askarsa ya jira na gama. Na ce masa, wannan Hayaƙin da na sani, maƙwabcina, mai aron tsintsiyata kullum da safe? Ya ce shi fa. Na ce to, a ci gaba da aski.

Ban yarda ba, kuma ina da hujja. Mai askin nan ya taɓa rantse mana cewa ya yi wa wani matafiyi gyaran fuska, kafin ya gama da kumatun hagu, gashin na dama ya sake tsirowa.

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Yuli, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya yi maka rasuwa. Kana zaune a kujerarka ta ƙarfe a ɗakin horo, tawul a kafaɗa, kana kallon wasu matasa biyu suna gwada hannu. Sun ɗauka gyangyaɗi kake yi, don ka saba. Sai da suka gaji ba su ji ka ce "ya isa" ba, sannan suka waiwayo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shagona na ɗinki a lokacin, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ba kuka na fara ji ba, shiru na fara ji. Buhun naushin da ya yi shekara da shekaru yana girgiza mini bango ya tsaya. Na ɗaga ƙafa daga kan keke ina saurare, na san an yi wani abu.

Da muka dawo daga maƙabarta, ɗanka na fari, malamin makaranta, ya ja ni gefe. Ya san ni da ɗan rubutu idan an yi rashi a layi. Ya ce, "Baba Tela, na san za ku rubuta wani abu. Ku rubuta kirkinsa, ku rubuta zumuncinsa. Zancen dambe dai, don Allah, a bar shi ya bi shi ƙasa." Ya ƙara da cewa da an tashi zaman makoki zai rufe ɗakin horon, ya ba da kayan ga duk mai so.

Maganar ta dame ni. Mutum ne da furfura ta fara taɓa masa gemu, yana son mahaifinsa so na gaskiya, amma akwai ɗaki guda a rayuwar mahaifin da ba ya iya kallon ƙofarsa. Na ga idan aka sa kwaɗon nan, shi ke nan, haka zai tsufa, haka zai gaya wa 'ya'yansa cewa kakansu mutumin kirki ne, sai dai ranar da aka buƙaci zuciya bai da ita. Ni kuwa ba ni da abin da zan musa masa da shi sai zancen mai aski.

Bari in koma baya saboda waɗanda ba su riski zamanin ba.

Ba kai ka raɗa wa kanka Hayaƙi ba. Wani ne da ya kwashe wasa guda yana kai maka naushi bai same ka ba, ya sauko yana haki, ya ce shi da hayaƙi aka haɗa shi. Ba ka da ƙirar tsoratarwa. Kana tafiya cikin igiya kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci, a hankali, kai a ɗan sunkuye, sai mutum ya kai hannu ya tarar ba ka nan. Haka ka yi ta hawa har aka haɗa ka da zakaran zamanin, wanda ake kira Tabarya, mutumin da bayansa bai taɓa sanin katakon fage ba. Idan damarsa ta sauka a jikin mutum, na kujerun baya ma sukan ji a haƙoransu.

Mutanen kusurwar Tabarya, wato mai horar da shi da masu ba shi ruwa, suna da wata fariya da ta yi suna. A dambe, idan mai horarwa ya ga ana neman halaka ɗan wasansa, tawul yake jefawa cikin fage, wasa ya tsaya nan take. To su ba sa zuwa da tawul. Sukan shigo zaure suna karkaɗe kafaɗunsu don jama'a su ga ba komai a kai, da soso suke share masa gumi. Jama'a su yi ta tafi. Abin yana da kyan gani, ba a musu.

An yi wasan da la'asar a babban zauren wasanni, an rufe tagogi, an kunna fitilu sama da fage kamar an sauko da wata rana ta biyu. Ina can baya, inda ake kallo da wuya a miƙe. Tabarya yana gaba a maki, kowa ya san ba ka da hanya sai ka kai shi ƙasa. A turmin ƙarshe hagunka ta same shi a ƙarƙashin kunne. Hannuwansa suka zube, bayansa ya jingina da igiya, zaure duka ya miƙe tsaye. Naushi ɗaya ya rage tsakaninka da kambu, naushin da ko ni tela zan iya kaiwa.

Sai ka rungume shi.

Alƙali ya raba ku, ka sake shigewa jikinsa. Ka ɗan bubbuga masa damatsa, bugu mai ƙara marar nauyi, ka sake rungumewa. Haka aka yi ta yi har ƙararrawa ta kaɗa. Tabarya ya riƙe kambunsa, bai sake dambe ba, aka ce ya sauka da girmansa. Kai kuwa ka fito ana jifanka da kwalayen ruwa. Kafin gari ya waye an canza maka suna, an koma ce maka Rungumau. Wasu suka ce numfashi ne ya ƙare maka, mafi yawa suka ce tsoro ne, wai ka ga Tabarya ya yi lagwas ka ɗauka tarko ne.

Ni na fi kowa sanin yawan faɗan da ɗanka ya yi a makaranta saboda wannan suna, don ni nake mayar masa da aljihun riga da maɓallai. Wata rana a bakin shagona, leɓensa a kumbure, ya tare ka ya ce, "Baba, wai tsoro ka ji?" Ka daɗe kana kallonsa. Na tsayar da keke ina jira ka ce a'a. Sai ka ce, "E, na ji tsoro." Bai sake tambaya ba, bai kuma sake taka ɗakin horo ba har ya girma ya yi iyali.

Ni a gaban kakata na tashi, tsohuwar da ba ta ba da labari sai ta faɗi bakin da ta ji shi, da bakin da shi wancan ya ji. Takan ce mana labarin da ba a san mai shi ba, a saurare shi don daɗi, kada a ɗauke shi zuwa gida. Saboda haka na ajiye zancen mai aski a inda na same shi. Bayan wasu shekaru alƙalin da ya raba ku ran nan ya kawo mini wando in rage masa ƙugu, tsufa ya cinye shi. Yana zaune yana jira, yana jin bugun buhu ta bango, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Mutum biyu na yi ta rabawa a turmin nan, amma ƙafa biyu ce kawai take ɗauke da su. Ban gane ba sai da na je gida." Na so in ja zaren, amma a zaman nan sau biyu yana kirana da sunan mahaifina, yana tambayata ko har yanzu muna da akuyar nan mai kunne ɗaya. Na ce shi ma wannan baki ba na ɗauka zuwa gida ba ne.

Kai ma na taɓa tambayarka, sau ɗaya tak. Ka ɗauki rigar da nake ɗinkawa, ka ɗaga ta sama a haske, ka ce, "Tela, wannan hannun bai fi wancan tsawo ba kuwa?" Ƙarshen zancen ke nan. Kuma hannun ya fi tsawon.

Abin da na gani da idona shi zan fi iya shaida. Bayan ka bar fage ka kama tsohon siton da ke jikin shagona ka mai da shi ɗakin horo: igiya a kan turaku huɗu, buhu biyu da ka cika da tsummokaran shagona, madubi mai tsaga daga sama har ƙasa, wanda duk mai kallon kansa a ciki sai ya ga hancinsa ya riga ya karye. Duk wanda ya zo koyo, kafin ka ba shi safar dambe, tawul kake fara ba shi. Kakan sayo su a dunƙule ka kawo mini in kalmashe bakinsu. Na sha yi maka tsiya, ina cewa ɗakin dambe kake da shi ko gidan wanka. Sai ka ce, "Ɗinka dai." Idan ɗalibinka zai hau fage, kakan tsaya a kusurwarsa da tawul biyu, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a dunƙule a hannu, kuma an san ka da saurin jefawa. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu saboda haka, suka ce Rungumau zai koya musu tsoro. Ɗaliban da suka zauna da kai duk suna nan, suna gane matansu, suna iya ɗaure maɓallin rigarsu da kansu.

Akwai kuma ɗabi'arka ta bayan wasa. Wanda bai sani ba ba zai kula ba: mai safar dambe a hannu ba ya iya kwance ta da kansa. Ba ya iya riƙe kofi, ba ya iya share hawayensa. Da an gama wasa kowa yakan ruga ɗakin wanda ya ci, a bar wanda aka buge zaune a benci, hannuwa a kan gwiwa kamar an ɗaure masa duwatsu. Kai can kake zuwa, ko ba naka ba ne, ko naka ne ya buge shi. Ka durƙusa, ka kwance masa igiyar safa a hankali, ka murza masa yatsu, ka ba shi ruwa. Ba ka ce masa ya yi ƙoƙari, ba ka ce gobe ma rana ce. Kakan tambaye shi ne kawai, "Kana ganina sosai?"

Ba zan manta ranar da ciwon mahaifiyata ya tashi ba, muna zaune a saman bene, matakalar kuwa ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Muna ta shawarar yadda za a yi da kujera, sai ga ka. Ka ce, "Inna, yau ni ne motar." Ka ɗauke ta a ƙirji kamar jaririya, kana sauka kana ba ta labarin wani ɗan dambe da ya buge alƙali bisa kuskure aka ba shi maki. Tana nishi tana dariya. Da muka sa ta a mota ta riƙo hannuna ta ce, "Wannan yaron ya san ɗaukar mutum. Ba yau ya fara ba." Na ɗauka santin tsofaffi ne.

A shagon aski, muhawarar da ba ta tsufa ita ce wane ne babba a cikin manya. Bangon shagon cike yake da hotunan zakaru da rana ta kwashe wa launi. Wannan ya ce wanda ya fi kayar da mutane, wancan ya ce wanda ba a taɓa kayarwa ba, wani ya ce wanda ya fi daɗewa da kambu. Ana yi kana wucewa da bokitinka, ba mai ɗaga kai. Ni kuwa tun da shekaru suka fara yi mini nauyi, nakan yi gyangyaɗi a kan keke bayan azahar, lokacin da haske yake shigowa ta saman ƙofa ya kwanta a kan yadi, ƙarar igiyar tsalle tana zuwa ta bango kamar yayyafi a kan kwano. Sau da yawa a irin wannan barci nakan ga wani dogon ɗaki wanda ba a hango ƙarshensa, igiyoyi ne bangonsa. Ga zakarun duniya nan na kowane zamani, farare da baƙaƙe, manya da sirara, fuskokinsu sun warke, hancinsu ya miƙe, kambunansu a rataye a ƙusa kamar rigunan da aka kawo gyara. Ga kujeru jere, ba kowa a kai. Ba mai magana. Kowa yana kallon ƙofa. Ni ma in tsaya ina kallo, in ji takun mutum yana tahowa a hankali, yana jan tsintsiya. Kafin a buɗe ƙofar sai wani ya buga mini tebur yana tambayar ko wandonsa ya yi. Nakan farka ina jin haushin mai aski, da ya sa mini shirmensa a kai har yana bina barci.

Kwana biyu bayan jana'izarka muna zaune a ɗakin horo ana karɓar gaisuwa, don gidan ba ya ɗaukar jama'a. La'asar ta yi sanyi, hasken taga ya faɗo a kan kujerarka ta ƙarfe, tawul ɗinka yana rataye a jikinta inda aka bar shi, ba wanda ya taɓa. Sai wata tsohuwar bas ta tsaya a bakin layi. Mutane suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, dattawa masu faɗin kafaɗa, hanci a baje, kunnuwa a murɗe, wani hannunsa yana rawa, wani yana tafiya kamar ƙasa kwalekwale ce. Mai aski, wanda yanzu shi ma sai da sanda, ya fara zungurina da gwiwar hannu yana raɗa mini sunayensu. Bangon shagonsa ne ya sauko daga mota yana tafiya da ƙafa.

Suka shigo, suka yi sallama, suka yi addu'a a tsaye. Aka matsa musu a benci, aka kawo kujeru daga maƙwabta. Ba wanda ya zauna. Aka kawo shayi, suka karɓa, suna tsaye. Ɗanka ya ce, "Iyayena, ga wuri, ku zauna mana." Wani mai tabo a gira ya ce, "Ba mu saba ba, ɗana."

Mai aski ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce a hankali, "Tela, a ci gaba da aski?"

A ƙarshe biyu daga cikinsu suka shigo da wani tsoho, ɗan ƙanƙani, baƙin tabarau a ido, riga tana yawo a jikinsa. Ya ce, "Ina ɗan nasa?" Aka kai shi gabansa. Ya lalubi kafaɗun ɗanka da hannu biyu, ya ce, "Kafaɗar ce. Ba a dai sa ta aiki ba." Ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya ce, "Riƙe ni." Kafin ɗanka ya gane, tsohon ya saki ƙafafunsa gaba ɗaya.

Ɗanka ya yi baya taga-taga har ya dangana da igiya, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Tsohon ya ce a kafaɗarsa, "Kada ka sake ni. Kada kuma ka bari su gane riƙe ni kake yi." Ba a daɗe ba gumi ya karyo wa ɗanka, jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan tsohon ya mayar da ƙafafunsa ƙasa, ya gyara tabarau.

Ya ce, "Yanzu ƙashi ne da riga. Ran nan na ninka haka, jikina sulɓi da gumi, hannun babanka cikin safa, ba yatsun kamawa, shi ma an daɗe ana dukansa. Haka ya riƙe ni har ƙararrawa."

Ya ci gaba, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. "Da hagunsa ta sauka ban ji zafi ba. Duhu kawai na gani. Na ji jikinsa kusa da ni, na ce masa a kunne, Hayaƙi, an ɗauke wuta ne? Fitilu kuwa suna nan suna ƙona mana ƙeya. Sai ya ce, e, an ɗauke, riƙe ni kafin a kawo."

Ya ce ka waiga kusurwarsa kana neman tawul, babu. Ka yi wa alƙali magana, robar kare haƙori a bakinka, zaure yana ihu, alƙali ya ɗauka ƙorafi kake yi. Da ka sake shi, kansa ne zai fara isa katako. Da kuma ya faɗi da sauran rai, ka san halinsa, tashi zai yi, a ce a ci gaba. Likitoci sun gaya masa daga baya jini ne ya ɓalle masa a kai, ko marin wasa aka ƙara masa da ba a kai shi asibiti da numfashi ba. Ganin ya ɗan dawo na wasu shekaru, sannan ya tafi gaba ɗaya.

Ɗanka ya ce, "Me ya hana shi faɗa?"

"Ni na so faɗa. Da na farfaɗo na ce a kai masa kambun, ya dawo da shi da kansa. Ya ce abin da aka faɗa a kunne cikin igiya ba ya fita waje. Ya ce ina da 'ya'ya, kada a riƙa nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda aka goya. Ya sa na yi alkawari, muddin yana numfashi ba zan buɗe baki ga wanda bai taɓa sa safa ba. Waɗannan kuwa ba sai na gaya musu ba. 'Yan kallo hannu suke kallo, ɗan dambe ƙafa yake kallo. Tun a ranar suka gani."

"Na tambaye shi, Baba. Ya ce mini tsoro ya ji."

"Gaskiya ya gaya maka. Ƙirjinsa yana kan nawa, ina jin zuciyarsa kamar za ta fasa riga. Tsoro yake ji kada in mutu a hannunsa."

Mai tabon gira ya ce su a cikinsu ba sa tambayar wa ya fi kayar da mutane, kowannensu ya kayar, kowannensu ya san yadda abin yake. Abin da suke tambaya shi ne, ranar da wuta ta ɗauke maka a kai, wa kake so ya kasance a gabanka. Ya ce ba su taɓa yin gardama a kan amsar ba.

Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa. Ya ce, "Ɗana, ƙafafunmu sun tsufa. Ba ma zama sai ya zauna, shi kuwa ya riga mu kwanciya. Ka zauna mana a kujerarsa mu huta."

Ɗanka ya dubi kujerar nan ta ƙarfe, wadda rabonsa da matsawa kusa da ita tun yana ɗan firamare. Ya ɗauki tawul ɗin, ya riƙe shi a hannu kamar bai san me ake yi da shi ba, ya kai shi fuska ya daɗe. Sannan ya ɗora shi a kafaɗa ya zauna. Sai ka ji benci yana ƙara, kujeru suna ƙara, gwiwoyi suna ƙara, manya suna zama ɗaya bayan ɗaya. Shayin ya riga ya huce, haka suka sha.

Ina da ƙorafi guda a kanka, abokina, kuma tunda ba ka nan balle ka ce hannun riga ya karkace, zan faɗa. Ka tsare fuskar 'ya'yan wani, ka bar naka yana dawowa da leɓe a kumbure. Kalma biyu da ka ƙara masa a bakin shagona da sun rage masa shekaru masu nauyi. Amma na san irinku, alkawarin cikin igiya ya fi muku ƙarfin jini, kuma ban taɓa riƙe ran mutum a ƙirjina ba balle in koya maka yadda ake sauke shi. Da na kai wa mai ɗakinka labarin abin da ya faru, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ba ta taɓa tambayarka ba, don ran nan ita ta gasa maka jiki, kuma ba fuska ce take maka ciwo ba, kafaɗu ne da baya. Ta ce, "Na san kaya ya ɗauka. Ban dai san na wane ne ba."

Jiya da safe ina buɗe shago sai ga ɗanka a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Baba Tela, a ara mini tsintsiya." Na miƙa masa. Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya ce, "Abin nan da na ce kada ku rubuta. Ku rubuta shi duka." Da hantsi buhu ya fara girgiza mini bango.

Allah ya jiƙanka, Hayaƙi. Allah ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya haskaka kabarinka da hasken da ba a ɗaukewa. Yadda ka riƙe bawansa ka hana shi faɗuwa, Allah ya riƙe ka ranar da ƙafafu suke zamewa, ya zaunar da kai a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, Allah ya ba ta haƙuri da lafiya. Ga ɗanka na fari da ƙannensa mata da jikokinka. Ga ɗalibanka, na da da na yanzu. Da waɗancan dattawa da suka daɗe a tsaye. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Saura in cika ƙa'idar kakata, don wannan labari na ɗauka zuwa gida ne. Na fara jin sa daga mai aski, ban yarda ba, kuma na ba shi haƙuri, ya ce sai na yarda da na gemun matafiyi tukuna. Na ji gefensa daga alƙali, Allah ya jiƙansa, na ɗauka ruɗin tsufa ne. Wanda ya gaya mini a ƙarshe kuwa, a gaban shaidu, da bakinsa da nauyin jikinsa, shi ne mutumin da ka riƙe, Tabarya.